Guzurin da Ba a Auna Ba

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe aka iso da mai rauni bakin filin jirgi da ke yamma da garin Batsari. Na san lokacin daidai domin aikina ne in duba agogo in rubuta. Waɗanda ke wurin su ne ni, da Baturen da ke tuƙa jirgin, da malamin asibiti na garin, da ɗan doka guda mai tsaron igiyar da muka ja don kada jama'a su matso, da mahauta huɗu da suka ɗauko gadon kara, da surukina, mahaifin matata, wanda shi ne sarkin pawa. Wanda ke kwance a kan gadon ɗansa ne, ƙanin matata, magidanci mai 'ya'ya biyu. Bijimi ne ya soke shi a ciki a mahauta, kwana ɗaya kafin nan, da la'asar. Malamin asibiti ya wanke raunin ya ɗaure, ya kuma gaya mana gaskiya, ya ce in ba a kai shi Katsina likita ya yi masa aiki a wannan yini ba, ba zai ga jibi ba. Tsakiyar marka ce. Gulbi ya cika ya datse hanyar mota kwana shida ke nan. A jirgi kuwa tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

Kafin in faɗi abin da na yi, sai na faɗi yadda aikin yake, don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

Ni mutumin Safana ne. Na yi elementare zuwa aji huɗu, na tafi Kano na yi lebura shekara uku a filin jirgin sama, ina mirgina gangar mai ina share fili. A can na tsinci ɗan Turanci da karatun ma'auni. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa aka aiko ƙaramin jirgi ya riƙa shawagi a kan dajin da ke yammacinmu yana ɗaukar hoton burtali da mashayar shanu, aka nemi ɗan ƙasa wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgi, aka same ni. Fili biyu na sa aka share, ɗaya wajen Babban Duhu, ɗaya a Batsari. Jirgin inji ɗaya gare shi, farfelarsa ta katako ce, jikinsa siraran ƙarafa ne da aka lulluɓe da yadi aka shafa fenti. Taya biyu a gaba, wata 'yar ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Ni kaɗai ina iya ɗaga wutsiyar in juya shi. Wurin zama biyu ne, a bayansu akwai ɗan dandamalin ajiye kaya, a bayan dandamalin kuma labulen tamfol da aka ɗaure da igiya. Bayan labulen kogo ne har wutsiya, babu komai ciki sai wayoyin da matuƙi ke juya wutsiya da su.

Wata goma sha huɗu na yi da wannan Bature, kuma kullum abu ɗaya muke yi, a jere ɗaya. Da farko fili, tun ba a taɓa jirgi ba. In taka shi da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, in dawo ta ɗaya gefen, ina neman ramin gafiya da sabon suri da inda shanu suka ratsa suka bar sawu mai zurfi. In cike abin cikewa in daddale. In hura wuta a gefe da ɗanyen ganye don hayaƙi ya nuna inda iska ta fito, domin jirgi iska yake fuskanta ya tashi. Sannan a kwance igiyoyi uku da jirgin ya kwana a ɗaure da su, biyu a fikafikai ɗaya a wutsiya. Katakon da ke tokare da taya ba a taɓa shi sai ƙarshe. Sannan mai. Ba a zuba fetur kai tsaye daga garwa, sai an shimfiɗa fata mai laushi a cikin mazurari, domin fetur na ratsa ta, ruwa da tsakuwa ba sa ratsawa. In an gama sai a tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba a ɗaga ta a haske. In da ruwa za a gan shi kwance a gindin kwalba, sai a yi ta tsiyaya har ya ƙare. Da damina wannan yakan ɗauke mu lokaci.

Daga nan matuƙi ya zagaya jirgin da kansa. Daga ƙofar hagu yake farawa, kuma bai taɓa sauya hannu ba. Ya girgiza fiffike, ya motsa kowane abu mai motsi, ya latsa taya, ya duba baƙin mai da sanda, ya shafa bakin farfela da yatsa ko akwai tsaga, ya leƙa cikin inji ko tsuntsu ko zanzaro ya yi gida. Ba a yi masa magana yana wannan zagaye. In wani ya gaishe shi ya amsa, sai ya koma ƙofar hagu ya faro daga farko, har mutanen gari suka ce tsafinsa ke nan.

Bayan zagaye sai awo. Muna da sikeli da muka aro wurin masu sayen gyaɗa, kuma duk abin da zai shiga jirgi sai ya hau shi, mutum ne ko akwati ko gorar ruwa. A farkon zuwana na tambaye shi me ya sa yake damuwa da inda aka ajiye kaya, tunda duk cikin jirgi ɗaya ne. Ya kama hannuna ya kai ni gaban sikelin, ya ɗora buhu, ya nuna mini ɗan ƙarfen nan da ake turawa a kan doguwar sanda. Ya tura shi can ƙarshe, sai ga ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba ya rinjayi buhu guda. Ya ce jirgi haka yake. Kayan da ke ƙarƙashin fiffike nauyinsu kawai ake ji, amma kayan da aka tura wajen wutsiya, ko kaɗan ne, sai su danne ta su ɗaga hanci sama, kuma jirgin da hancinsa ya ɗagu fiye da kima ba tashi yake yi ba, faɗowa yake yi. Na gane sarai. Har na riƙa koya wa leburori.

Abu na ƙarshe kafin ya shiga, sai ya tsaya gabana ya yi mini tambaya ɗaya da gurguwar Hausarsa, kalmomin ba sa canzawa: akwai abin da ya shiga wanda bai gani ba? In ce babu. Sannan ya shiga ya ɗaura ɗamara, in tabbata kowa na bayan igiya, in je gaban farfela. Ya ce makunnin inji a kashe yake, in juya ta a hankali sau huɗu don inji ya sha mai. Ya ce a kunne yake, in dafa ta da tafin hannu ba tare da na lanƙwasa yatsu a bayanta ba, in fizgo ƙasa in ja da baya. Inji ya yi zafi, ya gwada shi, ya ɗaga mini hannu, in bi ta bayan fiffike in janye katako da igiyarsa. Ba a bi ta gaba. Wannan shi ne aikin, kuma ban taɓa tsallake ko ɗaya ba sai ranar da nake ba da labari.

Sai kuma in faɗi yadda nake da surukina. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Ya ba ni 'yarsa ina lebura, ba ni da gona a ƙasarsu, 'yan'uwansa suna ta magana bai saurare su ba. Bai taɓa neman komai a wurina ba, ko allura. Ɗansa kuwa abokin wasana ne, kamar yadda ƙanin mata yake. Tun da na kama wannan aiki bai sake kirana da wani suna ba sai karen jirgi, ya ce masu mota suna da karensu, shi ma Bature ya samu nasa. In na je sayen nama sai ya ɗaga wa jama'a ƙashi ya ce ga rabon karen jirgi, sannan ya cusa mini tsoka a ƙunshi ba tare da ubansa ya gani ba.

Da safen nan mun riga mun gama fili da mai da zagaye kafin a kawo shi. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta jiƙe. Matuƙi ya yarda zai kai shi tun da yamma da na je na roƙe shi, amma da ya ga ƙasar sai fuskarsa ta canza. Ya fitar da akwatin ɗaukar hoto, da jakar kayan gyara, da tufafinsa, ya sa na tsiyaye garwa guda ta fetur daga tanki, ya bar abin da zai kai su Katsina da ɗan rara. Ya kwantar da bayan kujera ta biyu don mai rauni ya kishingiɗa, ya ce mini wannan ma ya mai da nauyi baya, iyakar abin da jirgin zai ɗauka ke nan.

Tunda mai rauni ba ya iya tsayuwa a kan sikeli, aka ɗora wani ɗan baffansa mai irin jikinsa. Shi mai raunin yana kwance yana kallo, leɓunansa sun bushe sun yi fari, ya ce a rage wa awon laba biyar, domin wancan hantar mutane yake sata yana ci. Mahauta suka yi dariya kaɗan.

Surukina ya zo da ƙaramin ɗansa a shirye, da tabarma a naɗe, don ya bi ɗan'uwansa jinya. A wurinmu ba a tura marar lafiya wani gari shi kaɗai. Matuƙi ya ce babu wuri, kuma ko da akwai, jirgin ba zai tashi da mutum uku a wannan ƙasa ba. Ni ne tafinta. Na durƙusa na faɗa wa tsohon, ina kallon ƙasa, a gaban mahautan da ke ƙarƙashinsa. Ya ce to. Aka ɗauki mai rauni a hankali aka shigar da shi, aka ɗaure shi da ɗamara, malamin asibiti ya sake duba ɗaurin cikinsa. Matuƙi ya ce zai je can ƙarshen fili ya gwada laushin ƙasa da dugadugansa, ya tafi a ƙafa.

Yana ba da baya tsohon ya yafito ni. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ɗaya daga cikin mahautan ya dire wani buhu a gabana, an ɗaure bakinsa da kaba.

"Ga ɗan guzurinsa," in ji tsohon. "Gero ne tiya goma, da man shanu, da 'yar tukunyar ƙarfe. Akwai abokina a kasuwar Katsina, gidansa za a kai, su za su riƙa dama mashi kunu. Ba ni aika ɗana gidan mutane hannu rabbana."

Na ce, "Baba, Bature ya ce..."

"Na ji abin da Bature ya ce. Ya ce mutum ba ya shiga, na ce to. Wannan mutum ne?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ya dube ni, na ji idonsa a kan ƙeyata.

"Ko sai na roƙe ka?"

Na ce, "Allah shi kiyaye, Baba."

Daga inda nake durƙushe zuwa sikeli taki ashirin ne, na auna shi daga baya. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗauki buhun in ɗora a kan sikeli in jira matuƙi ya dawo. Na san abin da zai ce. Zai ce a'a, kuma a'ar ta bakina za ta fito, karo na biyu a safiya ɗaya, zuwa ga mutumin da bai taɓa neman komai a wurina ba, wanda ɗansa ke kwance da hanji a ɗaure. Na gaya wa kaina cewa jaki na ɗaukar ninkin wannan, na gaya wa kaina cewa an rage fetur garwa guda. Ina faɗa wa kaina haka ina sane da cewa matuƙi ya riga ya lissafa da wannan garwar.

Na ɗauki buhun na zagaya ta ƙofar dama. In na ajiye shi a kan dandamali matuƙi zai gani da ya leƙo. Saboda haka na kwance igiyar labulen tamfol, na tura buhun cikin kogon, na ƙara tura shi iyakar tsawon hannuna don kada ya yi tudu a jikin labule, na tabbata bai hau kan wayoyi ba, na mai da igiya na ɗaure yadda take. Wato wurin da aka ce kada a sa komai, can na sa, kuma ɓoyewar ce ta kai shi can. Kan ƙanin matata yana dab da hannuna. Ya juyo da ido ya ce a hankali, "Karen jirgi, sata kake yi wa ubangidanka ko ajiya?" Na ce ya rufe mini baki. Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi.

Matuƙi ya dawo da laka a takalmi, ya ce ƙarshen filin ya yi taushi amma za su tashi kafin su kai can. Ya leƙa ciki, ya taɓa ɗamarar mai rauni, ya dubi dandamali ya ga wayam. Ya tsaya gabana ya yi tambayarsa. Na ce babu.

Sauran na yi su daidai. Na kori kowa bayan igiya, har tsohon, ta bakin ɗan doka. A kashe, na juya sau huɗu. A kunne, na fizga na ja da baya, inji ya kama a karo na biyu. Ya gwada shi, ya ɗaga hannu, na bi ta baya na janye katako. Na duba agogo, takwas saura minti biyar.

Tun tuni na jera duwatsu uku da na shafa wa farar ƙasa a gefen filin, don mu riƙa gane lafiyar tashi. A kullum wutsiya takan ɗagu daga ƙasa kafin dutse na farko, jirgin ya miƙe a kan taya biyu yana ƙara gudu, ya rabu da ƙasa wajen dutse na biyu, ya hau a hankali. Ranar nan ya wuce dutse na farko wutsiya tana ja a ƙasa tana feshin laka. Ya wuce na biyu haka. Wajen na uku sai ya zabura sama gaba ɗaya, hanci a tsaye, kamar dokin da aka ja wa linzami da ƙarfi. Jama'a suka fara kabbara, sun ɗauka tashin ke nan. Ni na san ba shi ba ne. Ya kai tsayin rumbu biyu ya tsaya a nan, inji na kururuwa, fikafikai na rawa dama da hagu, ba ya gaba ba ya sama. Sai ƙarar inji ta ɗauke. Daga baya na ji cewa matuƙi ne ya kashe shi da kansa, da ya ga ya tura sandar tuƙi iyakar turawa hanci ya ƙi sauka, ya gwammace su faɗo daga nan da su faɗo daga sama da haka. Jirgin ya zauna da ƙarfi a gonar dawa da ke bayan fili, ya ci kunya uku ko huɗu, taya ta nutse, ya kife da hanci, wutsiya ta tsaya a sama. Farfela ta tarwatse.

Na riga kowa isa. Ina gudu ina faɗa wa ɗan doka ya hana mai taba ko mai wuta matsowa, domin haka aka koya mini. Matuƙi ya riga ya rufe fetur, goshinsa ya tsage, jini na bin hancinsa. Na buɗe ƙofar dama. Da jirgin ya kife, buhun ya taho daga baya da ƙarfi ya yaga labule ya fashe. Gero ya cika ko'ina, a kan kujeru, a ƙafafun matuƙi, a ƙirjin ƙanin matata. Tukunyar ta bugi gilashin gaba ta fasa shi. Ɗaurin cikinsa ya kwance, jini ya jiƙe zanen, ƙwayoyin gero sun manne a jikin jinin.

Matuƙi ya ɗebi geron a tafin hannu ya duba. Bai tambaye ni wane ne ya sa ba. Ya tambaye ni a ina na sa. Na nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya zubar, ya ce in kama ƙafafu shi ya kama kafaɗu. Muka fito da mai rauni muka kwantar a kan kunya, malamin asibiti ya durƙusa a kansa. Sai da aka gama sake ɗaurin sannan Baturen ya zo kusa da ni, yana danne goshi da hankici, ya ce, "Na tambaye ka." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan a wannan rana.

Babu wani jirgi kusa, ko da akwai ma ba zai sauka a wannan laka ba. Aka yanke shawara a ɗauke shi a gadon kara zuwa gulbi, masu fito su ƙetare da shi a kan gora, a nemi mota a ɗaya gefen. Kafin mu tashi tsohon ya sa aka tattara geron da ya zube aka zuba a masaki, ya ce ba a barin abinci a ƙasa. Ƙarfe tara da rabi muka kama hanya. Mu takwas muke karɓa-karɓa, huɗu huɗu. An kawo wa tsohon doki ya ƙi hawa, ya bi bayan gadon a ƙafa. Hanyar duk taɓo ce, a wasu wurare har gwiwa. Kowace girgiza sai mu ji numfashin mai rauni ya sarƙe. Ya roƙi ruwa sau da yawa, malamin asibiti ya hana, sai dai a jiƙa tsumma a shafa masa a leɓe.

Mun isa gulbi bayan azahar. Ruwan ja ne, yana tafe da itatuwa. Sarkin masu fito ya tsaya ya duba ruwan ya duba gadon, ya ce mai lafiya zai iya rungumar gora a ja shi, amma mutum a kwance ba zai ƙetaru ba sai ruwa ya ja da baya kamu biyu, wataƙila gobe da hantsi in ba a sake ruwa a sama ba. Tsohon ya ce a kafa kara a bakin ruwan don a ga janyewarsa. Aka kafa. Muka ajiye gadon a gindin wata ɗunya, muka zauna muna kallon karan.

Da la'asar tsohon ya tafi alwala, sauran suka bi shi. Ni na tsaya ina kore ƙudaje. Ƙanin matata ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Mijin yaya." Bai taɓa kirana haka ba sai ranar. Na matso da kunne. Ya ce, "Buhun ne, ko?" Na ce shi ne. Ya lumshe ido, na ɗauka ya yi barci. Can ya ce, "Tsuntsun naka rago ne." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya wa tsoho." Na ce ba zan gaya masa ba. Ya cika kafin rana ta faɗi, mahaifinsa na riƙe da kansa yana yi masa kalmar shahada. Ruwan ya ja da baya yatsa uku.

Muka juyo da shi washegari aka yi jana'iza a Batsari. A gari ba wanda ya haɗa buhun da faɗuwar. Kowa ya ga geron da idonsa, amma wanda ya saba ganin jaki da mangala biyu ba zai zaci tiya goma za ta kayar da abin da ke da ƙarfin inji ba. Aka ce jirgin Bature ne ya gaza, aka ce kwana ne ya ƙare. Ranar sadakar uku tsohon ya kira ni gaban jama'a, na durƙusa, ya ce ya ga yadda na tsaya a kan ɗansa, ya ga kuma ban watsa masa ƙasa a ido ba da ya ba ni saƙo, Allah shi yi mini albarka. Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Bayan kwana tara gulbi ya faɗi, aka zo da babbar mota aka kwance fikafikan jirgin aka tafi da shi. Matuƙi ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ya karanta mini kafin ya aika, ya tambaye ni ko akwai ƙarya a ciki. Na ce babu. Aka sallame ni, kuma daidai ne. Ya ce in na so zai yi wa tsohon bayani da kansa, a nemo wani tafinta. Na roƙe shi kada ya yi. Ya dube ni ya ce wannan ma ɓoyewa ce, amma ya bari. Na koma Safana da matata na kama noma, 'ya'yan mamacin biyu suka dawo hannuna bayan uwarsu ta sake aure. Tsohon ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ina zuwa gaishe shi kowace salla, ina tuɓe takalmi, bai sani ba har ya rasu. Matata kuwa, na gaya mata gaskiyar bayan an yi arba'in ɗinsa. Tana tsefe wa jikarmu kai a lokacin. Ta saurara har na gama, ta ƙarasa tsifar, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma ba ta ce ta yafe ba.

Ban san ko likita zai iya ceto shi ba da sun isa. Malamin asibiti ya ce mai yiwuwa ne, kuma ban nemi wanda zai ce mini ba mai yiwuwa ba ne.

Mai karatu, abu biyu nake roƙonka, kuma a jere. Na farko, ka yi wa wannan mahauci addu'a, ko ban faɗi sunansa ba Allah ya san shi. Na biyu, in aka ɗora ka a kan lodin wani abu, jirgin sama ne ko kwalekwale ko mota, aka gama awo, sannan wanda ba ka iya ce wa a'a ya miƙo maka kaya, to ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ɗauka a fili ka kai gaban matuƙi ka ce masa ga abin da aka ƙaro. In ransa zai ɓaci ka bar shi ya ɓaci, ka je ka ba shi haƙuri daga baya.